Makullin da Ba a Aikawa

Talata, tashar bincike ta bakin tafki, arewacin Minnesota

Zuwa ga Gideon Tremblay, mai kula da manyan kwamfutocin jami'a,

Gaisuwa mai yawa, da fatan iyali suna lafiya. Orla Pruitt ce, malamarka ta ilimin ruwa, wadda ka tsallake jarabawarta da kyar.

Na canza laftof, yanzu duk sanda na buga umarnin ssh don in shiga kwamfutocinku daga nan, sai baƙin allon nan ya ce bai san ni ba. Ni! Ga kuma sanarwarku cewa ran Juma'a da azahar za a share ɗakin ajiyar wucin gadi na cikin kwamfutocin. A can na bar bayanan awon kaurin ƙanƙarar tafkin nan na shekara talatin da ɗaya, wanda marigayi mijina Alton ya fara. Na san ba wurin ajiya ba ne, kada ka yi mini wa'azi. Babu kwafinsa ko'ina.

Ga fayil ɗin makullina na shiga kwamfutocin na haɗo maka a imel ɗin nan, ka duba ko ya lalace.

Malamarka,
Orla

Talata da la'asar

Ranki ya daɗe, Farfesa,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa tun kafin ki karanta. Makullin rabi biyu ne: ɗaya ake ba mu, ɗayan na sirri ne, ba ya barin kwamfutar mai shi. Na sirrin kika aiko. Na soke shi nan take.

Na roƙi a ɗaga sharar, an ce wurin ya cika, ba a ɗaga wa kowa. Sabon makulli kuma ba zan karɓa ta imel ba. Ki ɗan ƙara haƙuri.

Ɗalibinki,
Gideon

Laraba

Gideon,

Ina gaishe ka don dai tarbiyya. Na ce ka duba mini ƙofa, ka tashi ka toshe ta da siminti? Kwana biyu ya rage! In aikin Alton ya salwanta, kada ka sake ce mini Farfesa.

O. Pruitt

Alhamis da yamma

Bernice, ƙanwar mijina kuma aminiyata,

Ina gaishe ki da su jikoki. Zauna ki ji kunyar da na sha yau.

Da hantsi ina soya ƙwai na ji mota tana kokawa da dusar ƙanƙara. Ina leƙawa sai ga Gideon, yaron da na zage tas jiya. Yaro nake cewa, har furfura ya fara. Awa biyar ya yi a hanya, hancinsa ya yi jawur.

Na ce, "Ka zo ka ga gawar aikin ne?"

Ya ce, "A'a, Farfesa, na zo in ga ko ke ce."

"To wa kake zato? Aljana?"

Sai ya buɗe mini rajistar masu shiga. Awa biyu bayan na aika makullin, wani daga wata uwa duniya ya gwada shi sau goma sha ɗaya. Ashe an daɗe ana karanta imel ɗina ban sani ba. Da bai soke shi ba, da ɓarawon ya shiga da sunana, ya yi abin da ya ga dama da kayan Alton da ma na wasu.

Na ce, "Me ya hana ka faɗa mini jiya?"

Ya ce, "Ta imel ɗin da yake karantawa? Zagin dai na gane naki ne, babu mai iya shi haka."

Bernice, ban taɓa ganin aiki mai tsafta irin wannan ba. Ya bincike laftof ɗin sarai, ya sa ni na ƙera sabon makulli da hannuna. Da zan buga kalmar sirri, sai ya juya baya yana kallon tafki, kamar mai jiran mace ta gama sa kaya. Rabin da ake bayarwa kaɗai ya ɗauka. Ko ƙwan bai tsaya ci ba, wai sai ya koma ofis zai iya ɗora shi, kuma akwai mutum ɗari huɗu da ke jiran injinansa. Shekara tara ina shiga ina fita, ban taɓa tunanin akwai mai tsaye a bakin ƙofar ba.

Gobe da safe zan gwada. Ki taya ni addu'a.

Taki,
Orla

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Gideon, ɗana,

Barka da safiya. Na shiga. Na kwashe komai zuwa ma'ajiyar dindindin, na ƙirga, babu abin da ya ɓata. Na buɗe layin farko: awon Alton, inci ashirin da biyu, da ɗan rubutunsa a gefe, "Orla ta ce sanyi ya yi yawa, ta koma mota." Na yi kuka, ban ji kunya ba.

Ka manta safar hannunka a kan teburina. Ba zan aiko ta ba. Ka zo da kanka in ga ko kai ne.

Da godiya mai yawa,
Malamarka, in har ka yafe