Bindiga a Kujerar Gaba, Uwa a Baya

Zuwa ga Malam Isaka, mai koyar da darasin riƙe bindiga a nan Greensboro.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen zongo na can gida Gana. Ya aiki, ya ɗalibai? Allah Ya taimaka.

Malam, ni ce Saude, mai dafa wa wata tsohuwa abinci a Irving Park, wadda ke kawo waina duk taron suna. Ɗana yana cikin waɗanda ka koyar a ajin da ya wuce. Ɗan fari ne, ba zan kama sunansa ba, amma ka san shi: dogon nan mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wanda in ka yi masa Hausa sai ya mayar maka da Turanci. Da hannuna na rubuta wannan takarda. Sai da na aurar da 'ya sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda haka in ka ga harafi ya karkace ka yi haƙuri, maganar da ke ciki ba ta karkace ba. Na sa an saka ta a zauren waya na 'yan'uwa ne don ba ni kaɗai ce uwa mai shiga motar ɗanta ba.

Na ɗaya. Ban ce ka yi laifi da ka koya masa ba. Tun ranar da wani ya tare shi da wuƙa a wurin ajiye motoci a Gate City Boulevard, ya kwashe masa kayan aiki, yaron nan bai sake zama yadda na san shi ba. Ya bi doka, ya shiga ajinka, yana jiran takardar izinin ɓoye bindiga. Ka gaya wa 'yan ajin kafin takardar ta fito, ko dai a kulle bindigar a but ɗin mota, ko ta zauna a fili inda kowa zai gan ta. Shi kuwa ya ce in tana but, ɓarawo ba zai tsaya jiransa ya zagaya ya buɗe ba. Sai ya zaɓa mata kujerar gaba.

Malam, kujerata ce. Tun da ya sayi motar nan ni ke zama a kanta, shi ke kai ni aiki kullum da safe. Yanzu ina baya, tsakanin akwatin sifana da tukunyar gas, kamar wadda ta tari tasi. Ita tana gaba a miƙe tana shan iska. Ba ta yi masa addu'ar fita, ba ta tambayarsa ko ya karya, ba ta ce masa ya rage gudu. Na yi magana, ya ce, "Mama, doka ce." Na ce to, na haɗiye.

Na biyu, kuma nan ne ƙarata take. Ka koya wa yaro yadda zai ajiye bindiga, amma ba ka tuna masa cewa mota tana ɗaukar mutane ba. Mu a gidanmu ba a barin abu tsirara. Tuwo a rufe shi da faifai, randa da murfinta, talabijin ma tana da ƙyallenta na leshi. Ranar Talatar da ta wuce mun tsaya a danja, sai ga motar 'yan makaranta ta tsaya dab da mu. Na ɗaga kai, na ga yara sun manne da taga suna leƙo kujerar nan, wata ƙarama har tana nunawa da yatsa. Kunya ta kama ni kamar ni ce a kwance a wurin. Akwai kwanon waina a cinyata, rufe da ƙyalle mai furen kore da na ɗinka da hannuna. Ɗana yana kallon hagu yana jiran hanya, na zare ƙyallen, na miƙa hannu na lulluɓe bindigar, har na gyara gefe-gefen. Ina tambayarka tsakani da Allah, wace uwa ce ba za ta yi haka ba? Wa ya taɓa gaya mini cewa a ƙasar nan suturta abu laifi ne, barinsa tsirara shi ne bin doka?

Na uku. Ba mu yi nisa ba sai ga fitilar ɗan sanda a bayanmu, ashe fitilar birkinmu ɗaya ta mutu. A gida in ɗan sanda ya tsayar da kai, fita kake ka gaishe shi. Na kama ƙofa, Allah Ya sa a kulle take saboda jikoki. Yaron ya yi duk abin da ka koya masa, wannan kam na ba ka. Ya sauke gilashi, ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari, ya gaya wa jami'in cikin ladabi cewa akwai bindiga a motar, ga ta nan a fili a kan kujera.

Jami'in ya leƙa. Ya ga furen kore. Ya ce, a ina?

Yaron ya juyar da ido, shi ma ya ga furen kore. Malam, ban taɓa ganin gumi ya karyo wa mutum da sauri haka ba. Ni kuma da na gane ƙyallena ne ya kawo ruɗani, sai na ce bari in cire in nuna wa bawan Allah abin da yake nema. Na miƙa hannu.

"Mama, kada ki taɓa! Don girman Allah kada ki motsa!"

Da Hausa ya faɗa. Yaron da na yi shekaru ina roƙo ya amsa mini ko da "na'am" ne, ranar nan Hausarsa ta fito tas kamar bai taɓa barin Kano ba. Na daskare da hannu a sama. A nan na ga hannun jami'in ya riga ya sauka a ƙugunsa, kuma ba ni yake kallo ba, ɗana yake kallo. Wannan wurin ba na iya ba da labarinsa da dariya, ko da yake duk wanda na gaya wa sai ya dara.

Allah Ya haɗa mu da mai haƙuri. Jami'in ya zagaya da kansa, ya ɗaga ƙyallen da yatsa biyu. Na ce masa da ɗan Turancina, wanda ya ishe ni sayen magani da hawa bas, yara ne ke kallo shi ya sa na rufe. Ya dubi ƙyallen, ya dube ni, ya cije leɓe. Ya gaya wa yaron cewa a doka wannan ɓoyewa ce, da ya so da ya tafi da shi, kuma da takardar da yake jira ta shiga matsala. Ya ja masa kunne, ya ce a gyara fitila. Na yi niyyar ba shi waina ko biyu ce, yaron ya zare mini ido ta madubi, na fasa.

Tun ranar bas nake bi, sai na je tashar cikin gari na canza wata. Ba korata ya yi ba. Ni ce na ji tsoron kaina, don ban san wane alheri zan sake yi masa wanda zai sa a harbe shi ba.

To ga roƙona. Ka ƙara wa darasinka babi a kan uwa, da mata, da duk baƙon da za a ɗauko daga filin jirgi. Ka gaya wa ɗalibanka su yi mana bayani tun kafin a tada mota, da Hausa, ba "doka ce" kawai ba. Ka kuma kira ɗana ka gaya masa da bakinka cewa ranar da ya ɗauko ni ya kulle abarsa a but, don maganarka ta fi tawa shiga kunnensa yanzu. In ɓarawo ya zo alhali ina ciki, a ba shi sifanun, ni zan ba shi haƙuri.

Na ƙarshe shi ne babba. Ka ba ni rana ɗaya in zo da ɗana da motar. Ka tsaya a bakin taga ka zama ɗan sanda, mu maimaita har sai jikina ya saba. Na koyi baƙi da furfura a kaina, wannan ma zan koya. Ban roƙe ka ka raba shi da bindigarsa ba. Ni dai ka nuna mini inda zan ajiye hannuna ɗana ya koma gida da ransa.

Allah Ya tsare ka da ɗalibanka, Ya sa har su tsufa kada su ga ranar da za su ɗaga ta. Allah Ya raya maka zuri'a, Ya saka da alheri.

Wassalam.

Taka,
Saude mai waina, Greensboro.