Wushiryar da Fiddausi Ba Ta da Ita

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba, shi ya sa ma bakina ya buɗe. Da kina nan, sunkuyar da kai zan yi kamar kullum.

Gida lafiya. Umma ta fara fita unguwa. Baba har yanzu in yana son shayi sunanki yake kira, sai kuma ya tuna.

Tafiyar Jos ɗin da kika shekara kina tsarawa an yi ta a dogon hutun nan, wata biyar da rasuwarki. Ƙawayenki Zainab da Fiddausi suka zo har Tudun Wada suka roƙi Umma ta bar ni in je a madadinki, tunda gidan Gwaggo za mu sauka. Yayan Zainab ne ya ja motar. E, Nuranki, mai rantsuwar ba zai rayu ba sai da ke. Ni da wautata har hankici na sa a jaka, wai in ya fashe da kuka in miƙa masa, kamar yadda ake yi a littattafai.

Kuka? Kafin mu wuce Pambeguwa ya cinye masara uku. Fiddausi ce a gaba, a kujerarki, tana ɓare masa gyaɗa.

Duwatsun kam kin yi gaskiya, Yaya. Daga Saminaka suka fara tasowa, kore shar da damina, gajimare ya naɗa musu rawani, wani dutsen a kan wani kamar da hannu aka ɗora. Su kuwa ta cikin waya kawai suka gan su. Muka tsaya, Zainab ta ce a yi hoton tunawa da ke. Suka langaɓe kai, aka ɗauka. Fiddausi ta ce hancinta ya fito ƙato, aka sake. Sau huɗu suka yi baƙin cikinki kafin ya yi kyau. Fatiha ko ɗaya babu.

A gindin dutsen nan na ji Nura yana gaya wa Fiddausi wai wushiryarta taga ce da aka buɗe bayan ruwan sama. Kin tuna? Saƙon da kika karanta min sau goma, har kika kwafe shi a bangon littafinki.

Yaya, ni na rubuta shi. Duk saƙonninsa ni ce. Ya ce bai iya tsara zance ba, Zainab ta gaya masa ina karance-karance. Sai in yage takarda daga littafin makaranta, ta kai masa, ya kwafa a waya har da kurakuraina. Kina karantawa kina rungume da filo, ina gefe ina yi kamar ina ninke kaya.

Fiddausi fa ba ta da wushirya! Haƙoranta a jere suke kamar ƙwayar masarar da ya ci. Ko kalma ɗaya ya kasa canzawa, ita kuma ta yi far da ido. Wannan ne mutumin da kika tambaya ko ya zo, ranar da aka kwantar da ke asibiti?

Da muka dawo, a bakin layinmu ya tare ni, wai in taimaka masa da sababbin saƙonni, tsofaffin sun kusa ƙarewa. Ni da ba na iya ɗaga ido in dubi namiji, na dube shi sosai. Na nemi gwarzon da na ƙera miki, ban ga kowa ba. Na ce masa a'a. Sau ɗaya na faɗa, na shige gida.

Ki yafe min, na sa kin so wofi. Amma kada ki ɗauka ƙarya kika karanta. Wushiryar nan taki, da yadda dariya ke ƙwace miki tun ba ki gama labari ba, ni na gani. Mai son naki ɗaki ɗaya kuke kwana, kunya ce ta hana ta faɗa da bakinta.

Allah Ya haskaka makwancinki. Sai mun zo.

Ƙanwarki mai nauyin baki,
Asiya