Wuyana da Fushina

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Kellu ta tafi Roni wajen yayanta Mu'azzam. Wai na jefar da kwanon tuwo. Na jefar, ban musa ba. Miyar ba gishiri. Da za ta fita ta ce, "Malam, ba wannan mutumin na aura a Bama ba." To wa ya rage yadda yake a Bama? An ƙona mana gida, na ƙare a rumfar aro a Kazaure ina ɗinkin hula, kuma ana so in riƙa dariya.

Alhamis, 8 ga Mayu
Hannu na rawa. Zare ya ƙi shiga allura. Zufa ko a inuwa, ina ci kamar gara amma wando sai zamewa yake.

Asabar, 10 ga Mayu
Kawu Sheriff ya ƙura wa wuyana ido, ya ce maƙoƙo ne, in daina gishirin Nijar da ake kawowa Babura, in koma na leda mai sinadarin aidin, har a ruwan sha. Kowa a garin nan likita ne. Na fatattake shi. Tsohon kirki ne, shi ya samo min rumfar. Amma ya cika baki.

Laraba, 14 ga Mayu
Asibiti, sakamakon jini ya fito. Likitar sa'ar Shatu 'yata ce, tana zana min abu a takarda sai ka ce ɗan firamare. Wai akwai ƙululu a wuya mai ƙananan ƙofofi da ke jan aidin daga jini, ya haɗa sinadarin da ke ba jiki wuta. Ƙwaƙwalwa ce ke aika masa saƙo ya ƙara ja, in ya isa ta yi shiru. Ni kuwa wani ɗan aiken ƙarya a jinina ke ta buga masa, ya ƙi tsayawa. Gishirin Kawu a ruwa da ƙara min ciwon zai yi.
Ta ce, "Baba, kana yawan faɗa a gida?"
Ina ruwanta! Fushina ma da na taho da shi daga Bama, shi kaɗai ban rasa a hanya ba, yanzu wai na ƙululu ne.

Lahadi, 1 ga Yuni
Ina shan ƙwayoyin da likitar ta ba ni. Ba don na yarda ba.
Mu'azzam ya kira, wai in ba zan zo bikon Kellu ba in sallame ta kafin Sallah. Na kashe wayar. Ban zage shi ba, ni ma na yi mamaki.

Juma'a, 20 ga Yuni
Abin Bama yana nan, ƙwaya ba ta taɓa shi ba, kuma ban so ta taɓa. Amma jiya akuyar maƙwabta ta ɓarar min da koko, sai na tsaya ina kallonta kawai.
Gobe zan hau babur zuwa Roni. Gyaɗa ta fi kyau a can, shi ke nan. Na dai wanke farar rigata.