Maigidana Ya Suɗe Farantin Wata a Prag

Uwargida Filomena, ki taimake ni kafin in yi abin da zai kai kunnen Fada, limamin cocinmu. Ni tsohuwa ce 'yar garin Bari, jikoki sun cika mini gida, amma wai da tsufana kishi ya hana ni sakat. Yi dariyarki, maƙwabta sun riga ki.

Watan jiya ni da maigidana Saverio muka je Prag ganin jikarmu Nunzia da Vojta, yaron garin da za ta aura. Yana da ladabi, sai dai ko taliya da madara kika ba shi zai ce ta yi daɗi. Kin san halinmu, duk garin da muka sauka ba abincinsu muke nema ba, namu muke nema don mu ci mu kushe. Vojta na gaba da wayarsa muna biye, mashaya nan, mashaya can, kofin giya kamar bokiti. Gidajen abincin da suka rataya tutar ƙasarmu kuwa ba a cewa komai, wani ya dafa taliya har ta koma kunun jarirai. Ni da Saverio muka zage su son ranmu. Rabon da bakinmu ya zo ɗaya haka tun muna amarci.

Sai tsautsayi ya kai mu wani lungu bayan wata mashaya. Mai wurin sunanta Titina, bazawara ce 'yar ƙasarmu, amma 'yar Lecce, garin da mu 'yan Bari ba ma ga maciji da mutanensa, ta sha jan-baki kamar mai zuwa biki. Ta kawo mana taliyar garinmu mai siffar kunne, wadda nake murzawa da babban yatsa tun ban iya rubuta sunana ba. Na ɗanɗana, na juya wajen Saverio don mu fara zagi. Me zan gani? Ya gutsuri burodi yana suɗe farantin, har da ɗaga shi yana bin gefe. Mutumin da rabonsa da suɗe nawa tun da likita ya ce in janye masa gishiri! Kuma a rasa miyar da za a suɗe sai ta 'yar Lecce.

Washegari ya ce za su mashaya kallon ƙwallo shi da Vojta. Ya dawo da ɗigon tumatir a gaban riga. Na tambaye shi ko yanzu a kofin giya ake zuba miya, ya ce bayansa ke ciwo, zai ɗan kishingiɗa.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, ya ƙulla da Nunzia a bayana cewa a wurin Titina za a yi walimar baikonta. Ni da na dafa abincin auren 'ya'yana kaf, ina kan tukunya har aka watse, ki duba hotunan ma ba ni a ko ɗaya. Wai hujjarsa ƙafafuna na kumbura. Na rantse ba zan je ba, yarinya kuma ta bugo tana kuka. In je in zauna kamar baƙuwa ina kallonsa yana suɗe farantin wata, ko in tsaya a kan bakana?

Mai Babban Yatsa, daga Bari

*

'Yar'uwa, na yi dariyar, amma kaɗan, don abin da ciwo.

Kina da gaskiya a abu biyu. Ba a yanke maganar walimar jika a bayan kakarta, kuma ƙaryar ƙwallon nan ba ta dace da mai furfura ba. Ki zaunar da shi ki gaya masa, ya ba ki haƙuri da bakinsa.

Amma ki sake karanta wasiƙarki. Ba Titina ce ta tafi da hankalin mijinki ba, gishiri ne. Wanda aka daɗe ana ba shi lami, ko Vojta ne ya dafa zai suɗe. Ke kin janye masa ne don kina so ya daɗe a duniya, ita kuwa mai sayarwa ce, bata san likitansa ba. Sannan da bakinki kika ce ba ki cikin hoton auren 'ya'yanki ko ɗaya. Ina zaton tsohon nan ya riga ki lura, ya kasa faɗa ne kawai, sai ya fake da ƙafafunki.

Ki je. Rantsuwar fushi ce, Fada ya saba jin irinta. Nunzia ba za ta tuna wa ya yi miya ba, amma kujerar da babu kowa a kai ba za ta manta ba. Ki buga wa Titina waya, tsohuwa da tsohuwa, ki ce za ki zo da garin alkamarki daga Bari ki murza taliyar da safe, a zaune, ita ta yi miyar. Da wuya ta ƙi. In an zuba abinci ki cire rigar girki, ki zauna kusa da jikarki a ɗauke ku hoto.

Kafin nan kuma, ki raɗa wa Titina abin da likita ya ce, a ware wa Saverio nasa babu gishiri. Ki ajiye masa burodi kusa da hannu, ki zuba ido.

Allah ya sa albarka a baikon, ya ba ƙafafunki sauƙi.

Filomena