Ƙusar da Na Soka a Madadin Fin

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah kar sunana ya fito. Don Allah ku ba ni shawara, wanda kuma ya ga zagi ne ya dace da ni ya zaga, a halin da nake ciki zagin ma ba shiga jikina yake yi ba.

Ni magidanci ne a Jos, ina zaune a Rikkos da matata da yara huɗu. Sana'ata hayar kujerun roba da kanofi, biki ne, suna ne, taron coci ne, zaman makoki ne, duk wanda ya kira ni zan kai masa. Na sha wahalar masu keke, ka ce wa mutum ƙarfe bakwai ya zo maka ƙarfe tara yana washe baki, mai taro kuma kai zai wanke tas. Da na gaji sai na sayi wata 'yar tirela mai taya biyu, irin wadda ƙaramar mota ke ja. To motar tawa ita ce ta gida, da ita nake kai yara makaranta, da ita nake kai Hajiyarmu asibiti, ba na son ƙarfen jan tirela ya yi ta zama a bayanta kullum yana fasa wa mutane ƙwauri. Wani abokina ya ce ai akwai wanda ake cirewa a mayar, ya tura ni wurin wani mai walda a Nasarawa Gwom. Igbo ne, dattijo, zan kira shi Oga Emeka duk da ba sunansa ke nan ba.

Mutumin nan wuni ya yi a ƙarƙashin motata. Ya ce shi ba ya ɗaura abin ja a jikin bamba, a shasi ya ɗaure wani ƙarfe mai rami da manyan notuna. A cikin ramin ake zura ƙarfen jan, sai a soka wani fin mai kaurin babban yatsa ya ratsa su duka biyun, a maƙale shi da kilif. Shi ke nan aikin. Sau uku ya sa na cire na mayar a gabansa kamar ɗan firamare, sannan ya ɗaga fin ɗin ya kawo shi saitin hancina ya ce, "Malam, ka ga wannan? Shi ne yana riƙe komai. Ranar da ya ɓata, no manage am, kar ka yi dabara, ka ajiye mota." Na ce to Oga na ji, ina ta duba agogo.

Sati uku ina aiki lafiya lau, har ina yi wa masu keke dariya. Ranar wata Juma'a na cire ƙarfen saboda zan ɗauki surukaina zuwa ɗaurin aure, na jefa shi a but ɗin mota. Asabar da safe ina da kujeru da zan kai unguwar Congo-Russia kafin bakwai, na zura ƙarfe na laluba fin, babu fin. Na zazzage but, na ɗaga tabarmar mota, na tashi yara na yi musu faɗa, babu. Mai taro ya kira ni sau huɗu. Sai na buɗe jakar kayan kanofi na ɗauko ƙusa mai inci shida na soka a ramin, na lanƙwasa bakinta da dutse. Na ce a raina tafiyar da ba ta kai minti goma ba, me zai faru.

A kan wani ɗan hawa na taka rami, sai na ji ƙas, motar ta yi sakayau. Na duba madubi na ga tirela tana komawa baya da kujeruna, a hankali ta fara, har na ɗauka za ta tsaya. Akwai wata mata 'yar asalin nan Filato da ke suyar ƙosai a bakin hanyar, kowa Mama yake ce mata. Tirelar ta daki teburinta ta danne mata ƙafa, kaskon mai ya kife a cinyarta.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da na fito daga mota ba wurinta na fara zuwa ba. Bayan motata na zagaya, na zare guntun ƙusar da ya maƙale a ramin na sa a aljihu. Ina so in ce ban san lokacin da na yi haka ba, amma ƙarya ne, na sani sarai. Bayan nan ne na ruga aka ɗaga tirela, na sa Mama a motata muka tafi asibiti.

Da mutane suka tambaye ni yadda aka yi, cewa na yi wallahi sati uku ke nan da aka saka min ƙarfen. Gaskiya ce ai. Suka ce wa ya saka, na faɗa. Iyakar abin da ya fito daga bakina ke nan, sauran su suka ƙarasa da kansu, wai fin ɗin jabu ne ya karye ya faɗa kwata. 'Ya'yan Mama maza biyu suka je shagon Oga Emeka aka yi hayaniya har da 'yan sanda, daga baya mai unguwa da faston su Mama suka shiga tsakani, aka sasanta a kan shi zai ɗauki nauyin asibiti. Ina zaune a wurin, har shayi na sha. Tun daga ranar masu kawo masa aiki suka janye, mutumin da ya fi shekara ashirin a layin nan, duk tashin hankalin da aka yi a garin nan bai taɓa kwashe kayansa ba, yanzu sunansa mai fin ɗin jabu.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne ba na jin komai. Ina cin abinci, ina barci, ina zuwa masallaci, ina kai kujeru. Duk bayan kwana biyu ina zuwa duba Mama da ayaba da lemo, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, kar ka sa damuwa, kai ma cutar ka aka yi." In ce mata Allah ya ƙara sauƙi Mama, in fito in sayi kati in kira kwastoma. Matata tana ganin firgita ce ta sa na yi shiru, har yabona take yi a wurin 'yan uwanta wai ina da tausayi. Na yi ƙoƙarin yin kuka a sujada, ko ɗigo bai zo ba.

Jiya da la'asar ina shago ina goge kujeru sai ga Oga Emeka. Ya rame, rigar aikinsa ma ta yi masa yawa. Ya ce ya koma inda ya sayi fin ɗin, ya karɓi guda biyar ya yi ta dukansu da guduma ko ɗaya bai karye ba, amma wataƙila nawa ne aka yi rashin sa'a, kuma shi ya saka, don haka shi ke da laifi. Ya miƙo min wani sabo a naɗe cikin takarda. Ya ce ƙafar Mama sai an sake yin aiki, saboda haka ya sa injin waldarsa a kasuwa har ya samu mai saye. Sai kawai mutumin nan, wanda ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, ya durƙusa a kan simintin shagona ya ce, "Malam, ka yafe ni. Na kusa sa ka kashe mutum."

Na ce masa, "Ba komai Oga, na yafe."

Muryata ko rawa ba ta yi ba. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi har bakin titi.

Jama'a na san abin da addini ya ce, ba wa'azi na rasa ba. Amma in na fito na faɗi gaskiya yanzu, 'ya'yan Mama ba za su bar ni ba, kuma da gaskiyarsu. Rabin kwastomomina 'yan coci ne, sun tafi ke nan. Matata za ta san wa take aure. Sannan kun san garin nan, magana ta fita cewa Bahaushe ya yi ɓarna ya ɗora wa Igbo har ya ci masa sana'a, ban san inda za ta tsaya ba. Na yi tunanin in sayar da motar in kai kuɗin asibiti a ɓoye, injinsa ya tsira, amma sunansa fa, da me zan wanke shi? In fara zuwa wurinsa ni kaɗai ne, ko wurin mai unguwa, ko gaban gadon Mama? Kuma akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, zuciya ta mutu haka, ta dawo?

Don Allah ku amsa min da wuri, yau Asabar. Litinin da safe za a kai wa mai saye injin, kuma Oga Emeka ya roƙe ni in zo da tirelata in ɗauka masa, wai ba ya son 'yan layinsu su ga ya tsaya neman keke. Na ce masa to, Allah ya kai mu.