Zabbin Mma Sun Ƙwace Mini Ɗaki

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ofishin Tallafa wa Gidaje Marasa Ƙarfi da Kuɗi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, Allah ya ƙara girma.

Ranka ya daɗe, sunana Sulemana, tela ne ni a unguwar Nima, cikin Accra. Ina zaune a ɗaki ɗaya na haya da matata Rabi da 'ya'yanmu. Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, tana ƙauyenmu can arewa, tana riƙe da marayun ƙanena da ya rasu. Tana cikin waɗanda ofishinku yake ba tallafi. Na je ofishinku na kai kuka, ma'aikacin da na tarar ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi dariyar da sai da aka kawo masa ruwa. Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya gani.

Na farko, maganar lambar waya. Ranar da ma'aikatanku suka je rubuta sunaye, Mma ba ta da waya, sai ta ba su lambata. Tun daga nan, duk lokacin da kuka biya, wayata ce ke ƙara. Ni kuma in tafi wajen Kwaku, mai tura kuɗi ta waya a bakin layinmu, in aika wa wani malamin makaranta na ƙauyenmu ya kai mata. Kwaku mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi ƙaramar murya ba. Ranar farko ya duba saƙon, ya ɗaga kai ya ce, “Masta, ashe kai ma ka shiga layin tsofaffi?” Masu jiran koko duk suka juyo. Yau a Nima, daga masallaci har bakin babbar kwata, ba mai kirana Masta Sulemana. Sunana Tsohuwar Ofis. Har wani ya kawo mini ɗinki ya ce in rage masa kuɗi, tunda ni ana biyana albashin tsufa.

Na biyu, ba wanda ya gargaɗe ni cewa Mma za ta zama 'yar kasuwa. Da farko abin ya tafi yadda kowa zai so. Ta sayi masara, ta saya wa yara takalma da littattafai suka koma makaranta, ta sa aka toshe rufin da yake zubar mata da ruwa a kan tabarma. Na yi murna, na yi muku addu'a. Sai ta ɗan rage wani abu ta sayi ƙwan zabbi, ta sa wa kazarta ta kwanta a kai. Suka ƙyanƙyashe. Ta sake sayowa. Sannan wani da ba ya tsoron Allah ya gaya mata cewa zabuwa a Accra ta fi ta ƙauye tsada nesa ba kusa ba.

Wata safiya direban motar arewa ya kira ni ya ce in zo tasha, Mma ta aiko da saƙo. Na tafi ina tsammanin daddawa da kuka. Na tarar da kwando ya kai ƙuguna, yana motsi da kansa. Direban ya ce tun daga Tamale bai ji rediyonsa ba, ya miƙo mini igiyar ya juya ko sallama babu.

Ranka ya daɗe, ban sani ba ko ka taɓa zama ɗaki ɗaya da zabbi. Ba sa yin shiru. Idan an rufe ƙofa su yi kuka, idan an buɗe su yi kuka, idan ladan ya kira salla su amsa masa gaba ɗaya. Mai gidan da muke haya, Anti Dede, dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ga mai hawan jini. Ta tsaya a tsakar gida ta ce mini mutane ta ba haya, in kuwa gona nake so in koma inda na fito. Ta ce ko su ko ni, kafin ƙarshen wata.

Na uku, abin da ya faru ranar Juma'a. Na yi wanka na sa farar rigata, na buɗe kwandon don in zuba musu dawa kafin in tafi masallaci. Ban san zabuwa tana tashi sama kamar jirgi ba, a ƙauye a ƙasa nake ganinsu. Kafin in rufe baki suna kan rufin kwanon maƙwabta. Na hau tsani da babbar riga. Duk wanda ya san rufin Nima ya san a manne suke da juna, haka na bi su daga gida zuwa gida, mata suna fitowa da ludayi suna tambayar wane ne yake taka musu kai. Ɗaya ta sauka a tiren mai wake da shinkafa. Ɗaya ta faɗa kwata, na bi ta, kuma ba zan bayyana yadda rigar ta koma ba saboda girmanka. Ɗaya kuwa ta shige motar haya mai zuwa kasuwar Makola, yaron mota ya rufe ƙofa, suka tafi. Har yau Mma tana tambayata ita. Ta ce ita ce mai hankalin cikinsu.

Na huɗu, gidana ya juya. Da yamma Rabi ta dube ni, ta dubi waɗanda aka kamo, ta ce tunda ba za su zauna lafiya ba sai a soya su. Ta yi musu yaji da citta, ta kai wa Anti Dede cinya ɗaya ta ban haƙuri. Anti Dede ta ci, ta aiko a ƙara mata. Washegari ita da kanta ta fito da teburinta ƙofar gida ta ce a nan za a riƙa sayarwa. Maganar tashi daga ɗaki ta mutu. Yanzu kwando yana zuwa a kai a kai. Mma ce mai kaya, Rabi mai suya, Anti Dede mai karɓar kuɗi. Ni, da na yi shekaru ina koyon yanka shadda, ni ne mai figa. Kwanan baya wani Alhaji ya sa hannu a aljihun sabon kaftanin da na ɗinka masa a wajen ɗaurin aure, ya zaro gashin zabuwa a gaban surukansa.

Mma kuma ta sayi waya. Da, sai ta ari ta maƙwabta ta kira sau ɗaya ta kashe, ni in kira, na riga na san hatsi ne ya ƙare, kuma sau da yawa ba ni da abin aikawa. Yanzu da katinta take kirana, ta yi ta magana har kunnena ya yi zafi. Watan jiya ta ce, “Kada ka aiko komai, ka saya wa Rabi zane.” Na ajiye wayar na zauna a gaban keken ɗinki, na daɗe ban taka shi ba. Tun rasuwar ƙanena ban ji muryarta haka ba.

Na biyar, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Wani ma'aikacinku ya je ƙauye, ya ga rufi ba ya yoyo, ya ga zabbi a tsakar gida, ya ce wa Mma da alama ta warke, za a duba ko a cire sunanta. Ranka ya daɗe, zabbi ba dukiya ba ce, hayaniya ce mai fuka-fuki. Ciwo ɗaya na damina yana iya share su cikin mako. In haka ta faru kuma an cire ta, yaran nan za su bar aji su koma gonar mutane, ni kuma ga abin da keken ɗinki yake kawowa, ba zai riƙe gida biyu ba. Matar nan ba ta ɓata abin da kuka ba ta ba. Kada ya zama don ta iya riƙo ne za a hukunta ta.

Saboda haka ina roƙo. A bar sunan Mma har marayun nan su yi ƙarfi. A mayar da biyan kan lambarta, tunda yanzu ta fi ni kati. Sannan idan ma'aikatanku za su sake zama da tsofaffi su ba su shawarar sana'a, don Allah a ambaci abin da ba ya numfashi, kamar sabulu ko gishiri. Ina wannan roƙo da gaggawa, domin jiya direban arewa ya kira ni, muryarsa a sanyaye, yana tambaya ko ƙofar ɗakina za ta wuce da akuya mai ciki.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya kare ka daga saƙon da ake ɗaure wa baki da igiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Sulemana Tela, Nima.