Kabarin Baba a Ƙetaren Kwari

Madanin, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga aminiyata Najiba,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mai gidanki Munji da yara. Yaya ƙafar Inna?

Jikin Baba ya ƙi. Jiya ya ce mini, "Mubaraka, shekara arba'in ina haƙa wa mutanen garin nan kabari. Ni kuma sai an tsallaka kwari da ni?" Ya yi dariya, ni kuwa na fita na sha kuka.

Shi ya sa muka rubuta wa hukuma takarda a daina raba maƙabarta, ta fararen fata a gefen masallaci, tamu da suke kira ta bayi a ƙetaren kwari. An ce sa hannunmu kaɗai ba zai isa ba, sai da na ɓangarenku. Na bugi ƙirji na ce ina da ke. Ba ke kika riƙe hannuna bara ba, ranar da muka tare hanya saboda motar da ta kife da mu masu tsinkar zaitun? Ga takardar na haɗo, ki sa hannu.

Taki har kullum,
Mubaraka

21 ga Nuwamba

Najiba,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Na ga abincin kuskus ɗin da kika aiko ranar sadakar ukun Baba, Allah ya ba da lada.

Ran Talata aka kai Baba ƙetare. Kwarin ya kawo ruwa, sai da masu makara suka naɗe wando har gwiwa.

Takardar ta dawo babu sunanki. Munji ya gaya wa yayana abin da kika ce: "Maganar mota zalunci ce, amma wannan ai al'ada ce. Kowa ya kwanta kusa da kakanninsa." Da kin ce tsoron surukai kike yi, wallahi da na yafe. Ashe duk shekarun da muka yi muna gutsurar burodi ɗaya a gindin zaitun, ba ki taɓa ganin komai a kwarin nan ba sai ruwa. Kin ci amanata, Najiba, har yanzu zuciyata zafi take yi.

Na ji kina nemana taron masu tsinkar zaitun na ran Asabar. Zan zo, don har gobe a bayan irin motar nan ake loda mu. Amma in kin ɗauki lasifika, kada ki kuskura ki ce "mu duka ɗaya ne." Ina sahun gaba, kuma zan tambaye ki inda aka binne ubana.

Ki gaida Inna.

Mubaraka 'yar mai haƙa kabari